Hasashe: wai masu ƙagen labari ne suka hango teku zai ci birane?

Kalmar hasashe kwanan nan ta zama gishiri, ko'ina sai an barbaɗa ta. Hasashen NiMet mai kula da yanayi a Najeriya, hasashen zaɓe, hasashen ƙwallo, har boka yanzu wai hasashe yake yi ba duba ba. Shekaran jiya ina cikin agwagwa da buje, wato keke napep, zan tafi unguwar Mabera a Sakkwato, wani a rediyo yana ta kumfar baki wai littattafai da fina-finan Turawa na sauyin yanayi tun tuni suka yi hasashen teku zai haɗiye birane, ga shi yana tabbata. Direban ya waigo ya ce, "Malam, to mu ƙaƙa za mu yi?" Na ce kai dai dubi hanya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan cakuɗa. Hasashe a bakin masana lissafi ne da aka ɗora kan awo, kuma kullum yana tafe da "idan". Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021 ya ce tsakanin 1901 da 2018 ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20, wato kamar taƙi guda, kuma saurin ƙaruwar ya tashi daga milimita 1.3 a shekara zuwa 3.7. Zuwa 2100, idan aka rage hayaƙi sosai ƙarin zai iya tsayawa kusan rabin mita ko ƙasa da haka, idan aka ci gaba da ƙona fetur da kwal ba kama hannun yaro zai iya kaiwa mita ɗaya. Ka ga akwai adadi, akwai sharaɗi, kuma in suka yi kuskure za a kama su tunda tun 1993 tauraron ɗan'adam ke auna tekun.

In kana son ganin yadda abin yake je wurin mai shayi da asuba. Ya cika buta taf har baki ya aza kan wuta, tun kafin ruwan ya tafasa za ka ji cuuu ya fara tsiyaya kan garwashi alhali ko ɗigo bai ƙara ba, zafi ne ya buɗa ruwan, to haka teku ke yi. Sauran kuma ƙanƙara ce, amma ba kowace ba, nan ma ana kwaɓa zance. Ƙanƙarar da ke yawo cikin jug ɗin zoɓo in ta narke zoɓon ba ya malala, wadda aka ɗauko daga firji aka jefa ciki ita ke sa ya zuba. Ƙanƙarar da ke zaune kan ƙasa a Girinlan da Antaktika ita ce ta firjin.

Shi mai ƙagen labari ba awo ya yi ba, karatu ya yi. Tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa hayaƙin kabon zai iya ɗumama duniya, don haka marubuci bayan masana yake bi, sai ya dunƙule shekara ɗari cikin dare guda don labari ya yi daɗi, igiya ta taso ta share gari. A zahiri abin sannu yake ci, kamar gara. Ayetoro a jihar Ondo teku na cinye ta gida bayan gida, Jakarta kuwa har ƙasar kanta nutsewa take saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana cikin dalilan da Indonesiya ke gina sabon babban birni.

Ni dai inda nake sara wa marubutan nan shi ne wajen mutane, wa zai samu mota ya gudu, wa za a bari, wa zai karɓi baƙi. Mun ga irinsa a 2010 da ruwan gulbin Rima ya yanke hanyar jami'a a Sakkwato mutane suka koma shiga kwale-kwale, ko da yake wannan ambaliyar gulbi ce, babu ruwan teku a ciki, duk da na rediyon har ita ya jefa cikin lissafinsa.