Tambayoyi da Amsoshi a Kan Arum, Tsiron Ado na Ƙarƙashin Bishiyoyi

Wane irin tsiro ne arum na Italiya?

Tsiro ne mai daɗewa da masana ke kira Arum italicum, asalinsa daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Dangin gwaza ne, kuma duk wanda ya taɓa tono gwaza zai gane shi da ganin saiwarsa mai kauri da ganyensa mai siffar kan mashi. Tsayinsa ba ya cika wuce santimita 45.

Me ya sa masu lambu a Turai suke son sa?

Domin yana raye a lokacin da sauran tsirrai suke barci. Ganyensa yana fitowa ne wajen watan Oktoba, sa'ad da bishiyoyi ke zubar da nasu, ya kwashe hunturu yana kore shar, da jijiyoyi farare da suka ratsa shi kamar an zana su da alli. Nau'in da ake kira Marmoratum ne ya fi fito da wannan zane. A watan Afrilu ko Mayu yana yin fure, bayan haka ganyen ya bushe ya ɓace, sai a bar kara tsirara ɗauke da curin 'ya'ya masu kama da zangarniyar masara, waɗanda suke somawa kore, su rikiɗe ruwan lemo, su ƙare jajaye wur. A ganina wannan kara shi ne kyan tsiron, ko da yake wasu ganyen kawai suke nema.

Yaya ake shuka shi?

Ana binne saiwar a inuwar bishiyar da ke zubar da ganye, cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda take riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Ana iya cin 'ya'yan?

A'a. Kowane sashe na tsiron yana ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet, wanda shi ne ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma yana iya kumbura baki da harshe. Jan 'ya'yan yana jan hankalin yara, saboda haka gidan da yake da ƙananan yara gara ya haƙura da shi. Mai aikin lambu kuma ya sa safar hannu kafin ya taɓa shi.

Yana da wata illa ga muhalli?

Yana da ita, kuma ba ƙarama ba. Tsuntsaye suna cin 'ya'yan su watsa irin a dazuzzuka, sannan ƙananan saiwoyin da suka karye a ƙasa kowanne yana tsirowa, har ya zama tono shi sau ɗaya ba ya kawar da shi. Jihar Washington ta Amurka ta sanya shi cikin jerin ciyayi masu cutarwa. Wannan ne ya sa masu lambu a can suke yanke karan kafin 'ya'yan su nuna, ko kuma su killace tsiron cikin tukunya.