Fim ɗin Pinky da Matsalar Ɓoye Asali a Jihohin Kudu na Ƙasar Amurka

Wane fim ne wannan?

Pinky ya fito a 1949 daga kamfanin 20th Century Fox, kuma Elia Kazan ne ya ba da umarni. Labarin wata budurwa ce mai suna Pinky, jikar baƙar fata, amma fara ce sol, har ba a bambanta ta da Turawa. Ta tafi karatun jinya a arewacin Amurka, ta saje da Turawa, wani likita Bature ya nemi aurenta bai san asalinta ba. Sai ta koma Kudu wurin kakarta Dicey, wadda da kuɗin wanki da guga ta biya mata makaranta.

Yaya za a ce da farar mace baƙar fata?

A can jini ake bi, ba fata ba. Dokokin wariya na Jim Crow sun raba makarantu, asibitoci, kujerun jirgin ƙasa, har famfon shan ruwa. Jihar Bajiniya ta yi doka a 1924 cewa duk mai ɗigon jinin baƙar fata ba Bature ba ne. Homer Plessy, wanda ƙararsa ta 1896 ta sa Kotun Ƙoli ta halatta wariyar, kashi ɗaya cikin takwas na jininsa ne na Afirka.

Fim ɗin ya nuna wannan ƙarara. 'Yan sanda sun tarar da Pinky ana faɗa da ita, suka riƙa yi mata magana cikin ladabi a zatonsu Baturiya ce. Ana faɗa musu asalinta, nan take suka daina ganin mutuncinta, suka tasa ƙeyarta. Fuskar ita ce dai, rigar ita ce dai.

Me mai ɓoye asali yake asara?

Dangi. Ya samu aiki da kariya, amma ba zai iya nuna uwarsa ba, kullum kuma yana cikin fargabar wanda zai tona masa asiri. Wannan ne ya fi sosa mini rai. Likitan ya ji gaskiya bai gudu ba, sai dai ya so su tafi nesa inda ba wanda ya san ta, wato ta binne kakarta da ranta. Pinky ta ƙi. Wata tsohuwar Baturiya, Miss Em, wadda Pinky ta yi jinyarta, ta bar mata gida a wasiyya. Dangin tsohuwar suka kai ƙara, Pinky ta yi nasara, ta mai da gidan asibiti da makarantar yara.

Baƙar fata ce ta fito a matsayin Pinky?

A'a, kuma nan ne babban laifin fim ɗin a ganina. Jeanne Crain, Baturiya, aka bai wa, alhali Lena Horne ta so matsayin. Ƙa'idojin Hollywood na lokacin sun hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, don haka masu sukar wariya suka bi dokar wariya wajen zaɓen jaruma. Ethel Waters, wadda ta fito a kaka, ta shiga takarar Oscar tare da Crain da Ethel Barrymore, wadda ta fito a Miss Em.

Yaya mutanen Kudu suka karɓe shi?

Ya yi kasuwa sosai, amma garin Marshall na jihar Texas ya haramta shi. Manajan silima W. L. Gelling ya nuna shi duk da haka, aka ci shi tarar dala 200. A 1952 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Haramcin aure tsakanin baƙi da fari kuwa ya ci gaba a jihohin Kudu har 1967.