Matsalolin kulocin babur: gano su da gyara su

Kuloci shi ne sashen da ke haɗa ƙarfin inji da giya, yake kuma raba su idan direba ya matse hannun kulocin da ke ɓangaren hagu na kan babur. A yawancin baburan da ake hawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kamar Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, kulocin yana cikin murfin inji na ɓangaren dama, a jiƙe cikin baƙin man da ke zagaya injin. Ya ƙunshi faifai iri biyu da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, wato masu fata da na ƙarfe zalla, da kwandon da suke zaune a ciki, da sifirin da ke danne su wuri guda. Matsalar kuloci tana iya bayyana a makonnin farko bayan sayen babur, sabo ne ko na hannu, kuma galibi tushenta ba ya wuce saitin waya, wato wayar da ke haɗa hannun kuloci da inji, da irin man da aka zuba, abubuwa biyu da ake gyarawa ba tare da an buɗe inji ba.

Alamomi

Alamar da aka fi sani ita ce santsi. Direba zai ja totur a giya ta sama, musamman a hawan tudu ko da fasinja a baya, sai kukan inji ya tashi amma gudun babur bai ƙaru ba, wani lokaci kuma a ji ƙaurin ƙuna. Ana bambanta wannan da tsallen sarƙa a kan haƙoran da suka cinye, domin ita sarƙa fizga take yi tare da ƙara, shi kuwa santsin kuloci ba ya fizga.

Kishiyarsa ita ce riƙewa, inda faifan ba sa rabuwa sosai ko da an matse hannu har ƙarshe. Babur yakan yi ta jan jiki gaba a tsaye, giya ta ɗaya ta shiga da ƙarar ƙarfe, samun firi ya yi wuya, inji kuma ya riƙa mutuwa a mahaɗar hanya. Akwai kuma karkarwa a lokacin tashi, da taurin hannu, wanda kusan kullum daga bushewar waya ko tsinkewar zarenta yake fitowa.

Saitin waya

Dole ne hannun kuloci ya kasance da ɗan wasa kafin ya fara jan waya. Littattafan baburan Honda da yawa suna ba da milimita 10 zuwa 20 idan an auna a bakin hannun, sai dai littafin kowane babur shi ne abin bi. Idan wasan ya ɓace, waya tana jan kuloci ko ba a taɓa shi ba, faifai su yi ta gogar juna har su ƙone. Idan kuma ya yi yawa, matsewar ba ta isa ta raba su. Ana yin ƙaramin saiti a kusa da hannu, babba kuma a ƙasa inda waya ta haɗu da inji, sannan a juya kan babur dama da hagu a tabbatar wasan bai canja ba.

Wannan gwaji na ƙarshe yana da muhimmanci ga sabon babur, domin da yawa a cikin kwali suke isowa, a kasuwa ake haɗa su, kuma mai haɗawa cikin gaggawa yana iya bi da waya ta inda za ta lanƙwashe ko ta matse a ƙarƙashin tanki. Sabuwar waya ma takan ɗan miƙe a farkon amfani, abin da ke ƙara wasa, yayin da cinyewar faifai ke rage shi.

Baƙin mai

Tunda kuloci da inji mai ɗaya suke sha, irin man yana shafar kamun faifai kai tsaye. Man mota da yawa na zamani yana ɗauke da sinadaran rage gogayya, waɗanda ke amfanar injin mota amma suke sa kulocin babur santsi. Saboda haka ne aka fito da ma'aunin JASO a Japan a shekarar 1998: man da aka rubuta wa MA ko MA2 ya dace da kuloci mai jiƙa, MB kuwa na baburan da kulocinsu ba ya cikin mai ne. Wanda ya sayi babur na hannu bai san abin da tsohon mai shi ya zuba ba, kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba shi da shaidar komai, don haka juye mai shi ne aiki na biyu bayan saitin waya. Babur da ya daɗe a ajiye kuma faifansa kan manne da juna. Sau da yawa ɗumama inji da matsa hannu akai-akai suna sake su.

Buɗe kuloci

Idan santsi bai tafi ba bayan waɗannan, sai a juye mai a cire murfin dama. A injin Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma injunan China masu yawa suka kwaikwayi tsarinsa, sai an fara cire matatar mai mai juyawa kafin a iya zaro kulocin, kuma notinta na buƙatar sifana ta musamman, ko da yake wasu kanikawa da guduma da kurfi suke kwance notin, su bar shi a tauye. Ana auna kaurin faifai masu fata a gwada da iyakar da kamfani ya sa. Na ƙarfe kuwa ana kwantar da su a kan gilashi a duba ko sun karkace, kuma launin shuɗi a jikinsu shaida ce ta zafi mai tsanani. Sifirin da ya gajarce ba ya danna faifai yadda ya kamata, kuma canja faifai a bar tsohon sifirin kuskure ne da ke dawo da santsi cikin ɗan lokaci. Idan haƙoran faifai sun yi wa yatsun kwando gurbi-gurbi, faifan kan maƙale a ciki su haddasa riƙewa ko karkarwa. Ƙaramin gurbi ana goge shi da magagari, mai zurfi kuwa sai an canja kwandon.

Ana jiƙa sababbin faifai a cikin man inji kafin a ɗora su, a mayar da su bisa jerin da aka same su, a ɗaure notocin sifirin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa, domin ƙanana ne kuma suna saurin karyewa. Ana sa sabon gasket a murfi, a zuba mai, a sake saita waya.

Baburan da ake kira roba-roba, masu bin tsarin Honda Super Cub na 1958, ba su da hannun kuloci, domin nasu yana kamawa da kansa idan juyin inji ya ƙaru. Saitinsu yana kan wani kusa mai noti a jikin murfin dama, kuma da shi ake farawa idan giya ta yi tauri ko babur ya fara santsi.