Waiwaye: Venis ta kori koguna, yanzu tana fama da teku

Wanda ya ga hoton birnin Venis na Italiya zai ɗauka a tsakiyar teku aka gina shi. A gaskiya cikin wani tafki mai ruwan gishiri yake zaune, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 550, wanda zurfinsa a yawancin wurare bai wuce mita ɗaya ba. Dogayen tuddan yashi ne suka raba shi da tekun Adiriyatik, sai mashigai uku: Lido, Malamocco da Chioggia.

Wannan rashin zurfi shi ne ganuwar birnin tun farko. Masu gudun yaƙi, musamman bayan Lombardawa, wata ƙabila daga arewa, sun shigo Italiya a 568, sun fake a tsibiran laka inda doki ba ya takawa, babban jirgi kuma ba ya wucewa. Suka kakkafa itatuwa cikin laka, suka ɗora gidaje a kai.

Irin wannan tafki, in an bar shi, koguna ne ke cika shi da ƙasa har ya zama fadama. Masu mulkin Venis sun gane haka, suka shafe ɗaruruwan shekaru suna karkatar da kogunan Brenta, Piave da Sile daga tafkin. Aiki ne da ya cancanci jinjina, ba inji, sai ƙarfin hannu. Sai dai tun da laka ta rage shigowa, abin da teku ya kwashe ba ya dawowa.

A ganina babbar ɓarnar a ƙarni na 20 aka yi ta. Masana'antun Marghera, wani yanki a gaɓar tafkin, sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har wajen 1970, birni ya ƙara nutsewa. A shekarun 1960 kuma aka haƙa hanya mai zurfi daga Malamocco saboda jiragen dakon mai, teku ya samu ƙofa. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya hau santimita 194 sama da matsakaicin tsayin teku, a Nuwamban 2019 ya kai 187.

Yanzu a mashigan nan uku akwai ƙofofin ƙarfe 78 da ake kira MOSE. An fara aikinsu a 2003, aka fara ɗaga su don tare ambaliya ranar 3 ga Oktoba 2020, kuma suna tarewa. Amma duk sa'ad da aka rufe su, tafkin ba ya samun sabon ruwan da ke wanke shi. Tsohon birnin da ake karewa kuwa, daga mutum kusan 175,000 a 1951, mazaunansa sun koma ƙasa da 50,000 a 2022.