Kalmomin Turanci masu farawa da harafin E: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske ne E ya fi kowane harafi yawa a Turanci?

Da gaske ne. In ka ɗauki shafin jaridar Turanci ka ƙirga haruffa ɗari, kusan 12 ko 13 daga ciki E ne. Shi ya sa a tsarin Morse, wanda aka riƙa aika saƙo da shi zamanin wayar tangaraho, aka ba E alama mafi gajarta, ɗigo ɗaya tak. Sai dai ya fi zama a tsakiyar kalma da ƙarshenta. A farkon kalma S da C da P sun fi shi, duk wanda ya kwatanta kaurin sassan ƙamus zai gani.

Dole ne sai na haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya?

A'a, kuma ba na ba ɗalibi wannan shawarar. Hadda ba tare da jimla ba, yau a sha gobe a manta. Gajerun kalmomin yau da kullum irin su *eat*, *ear*, *earth*, *end* da *egg* su ne suke buƙatar sabo kawai. Dogayen kuwa, waɗanda suke firgita mutane, yawancinsu daga Latin da Girkanci aka aro su, kuma ɗafin da ke goshinsu yakan tona asirinsu.

Ɗauki *ex*, wanda ke nufin waje ko fita. *Exit* ƙofar fita ce, *export* fitar da kaya ƙasar waje, *expel* kora, *exhale* fitar da numfashi, *exclude* ware wani a bar shi a waje. Wani lokaci x ɗin yakan faɗi ya bar e kaɗai: *evict* tashin ɗan haya daga gida, *emigrate* barin ƙasa. In aka manna shi ga muƙami, kamar *ex-governor*, to tsohon gwamna ke nan, wanda ya fita daga kujera.

*En* ko *em* kuma yana mai da suna ko siffa aiki: *enlarge* faɗaɗa, *enrich* wadata, *empower* ba mutum ƙarfin tsayawa da ƙafarsa. *Equi* daidaito ne, daga nan aka samu *equal*, da *equator*, layin da ya raba duniya gida biyu, da *equinox*, lokacin da dare da rana suke kusan yin kunnen doki, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. *Eu* kyau ne ko daɗi: *eulogy* jawabin yabo, galibi ga mamaci, *euphemism* kuwa sakaya zance, irin yadda Bahaushe zai ce wane ya riga mu gidan gaskiya.

Wanda ya fi burge ni shi ne *eco*, daga kalmar Girkanci *oikos*, wato gida. *Economy* asalinsa tafiyar da harkar gida ne kafin ya zama tattalin arzikin ƙasa. *Ecology*, ilimin zaman halittu da muhallinsu, masanin nan na Jamus Ernst Haeckel ne ya ƙirƙiro sunan a 1866.

Waɗanne ne aka fi rikitawa da juna?

A nan kama da wane ba ta wane. *Effect* sakamako ne, suna, *affect* kuwa aiki ne, shafar abu. *Eminent* mutum ne mai daraja, *imminent* abin da ke gab da faruwa. *Eligible* wanda ya cancanta, *illegible* rubutun da ba ya karantuwa. *Except* ban da, *accept* karɓa. *Economic* abin da ya shafi tattalin arziki, *economical* abin da ba ya cin kuɗi, kamar motar da ba ta shan mai.

Masu sauraron labaran lafiya su lura da uku. *Endemic* cuta ce da ta zauna daram a wani yanki, kamar zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu. *Epidemic* annoba ce da ta ɓarke lokaci guda, kamar sanƙarau da ya yi ɓarna a arewacin Najeriya a 1996. In ta game nahiyoyi sai ta zama *pandemic*, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira korona a ranar 11 ga Maris 2020.

'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci suna da nasu tarkon. *Eventually* a Turanci na nufin daga ƙarshe abin ya faru ko zai faru. *Éventuellement* na Faransanci kuwa wataƙila ne, in hali ya yi. A cikin takardar yarjejeniya wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Me ya sa kalmar da na sani sai ta canza ma'ana a takardar asibiti?

Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, don a nan kuskure yake taɓa rai. Likita yana rubuta *elective surgery*, mai jinya da ya san *election* sai ya ɗauka tiyatar ganin dama ce. Abin da ake nufi tiyata ce da aka sa wa rana, saɓanin *emergency* wadda ake yi nan take. Sau da yawa dole ce, lokaci kawai aka zaɓa. *Essential hypertension* ma ba hawan jini mai amfani ba ne, hawan jini ne wanda ba a gano wata cuta da ta haddasa shi ba.

A katin awon ciki, akwai gurbin da ungozoma take cikewa da biro, an rubuta EDD a gefensa. Ranar da ake sa ran haihuwa ke nan, ƙiyasi ne, ana iya gota ta ko a riga ta. Amma in takardar hoton ciki ta zo da *ectopic*, babu batun jira: cikin ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi, kuma yana iya fashewa jini ya zuba a ciki. *Eclampsia* ita ce jijjigar da ke kama mai ciki ko mai jego sakamakon hawan jini, daban take da *epilepsy*, wato farfaɗiya. ECG gwajin bugun zuciya ne, EEG na ƙwaƙwalwa. Sannan a jikin kwalin magani, EXP da lambobi irin 08/2027 na nufin kada a sha bayan watan Agusta na shekarar. Wanda bai gane abin da aka rubuta masa ba, ya tambayi ma'aikacin lafiya a yi masa bayani da Hausa kafin ya bar wurin. Haƙƙinsa ne.

A kotu da kasuwa fa?

*Execute* yana nufin aiwatar da aiki ko kwangila, yana kuma nufin zartar da hukuncin kisa, jimla ce take rarrabewa. *Estate* da muka sani da rukunin gidaje, a shari'ar gado dukiyar da mamaci ya bari ce baki ɗaya, *executor* shi ne wasiyyin da zai zartar da wasiyya. *Exhibit* abin da aka gabatar wa alƙali a matsayin shaida. *Ex parte*, da ke yawan fitowa a rikicin jam'iyyu, umarni ne da kotu ta bayar bayan ta saurari ɓangare ɗaya kawai. *Embezzlement* cin amanar dukiyar da aka damƙa wa mutum, *extortion* tatsar kuɗi da barazana, *extradition* miƙa wanda ake tuhuma ga ƙasar da ke nemansa. *Embargo* takunkumin ciniki ne, daga yaren Sifaniya aka aro shi.

Ya cancanci in ɓata lokaci a kan baƙin kalmomi?

Don ganewa, i. Don burga, a'a. Jaridun Najeriya na son *eschew*, gujewa, da *erstwhile*, na dā, da *enjoin*, yin kira ko umarni, don haka mai karatu zai ci karo da su. *Ephemeral* abu ne mai saurin gushewa, *esoteric* ilimin da sai 'yan ƙalilan ke fahimta. Biyu suna yaudara: *enervate* raunanawa ne ko da yake ya yi kama da *energy*, *egregious* kuwa a dā yabo ne ga wanda ya yi fice, yau ana faɗinsa ga mummunan laifi da ya wuce misali.

Akwai waɗanda suka haɗa mu da Turanci?

Akwai, ta fuska biyu. Hausa ta karɓi inji, injiniya, edita, ambulan na wasiƙa, elemantare da lantarki, dukkansu daga kalmomin E. Turanci kuma ya ɗauko *emir* daga amir na Larabci, da shi Turawan mulkin mallaka suka kira sarakunanmu. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da *ember months*, watanni huɗun ƙarshen shekara, da *eat money*, wanda daidai yake da cin kuɗi.

Na nemi wata kalma a ƙarƙashin E ban same ta ba. Me ya faru?

Duba ƙarƙashin O. Amurkawa suna rubuta *edema*, kumburi, da *esophagus*, maƙoshin da abinci ke bi, mutanen Ingila kuma *oedema* da *oesophagus*. Makarantun Najeriya da Ghana rubutun Ingila suke bi, yawancin shafukan intanet kuwa na Amurka, don haka ɗalibi zai ga duka biyun. A jarrabawa ya tsaya a kan salo ɗaya daga farkon takarda har ƙarshenta.