Waiwaye: pampon da ke kwashe kalsiyom daga tsokar jijiya

Inna tana shan amlodipin saboda tansiyo, ni ke sayo mata a farmasi duk wata, kuma na daɗe ina zaton ƙwayar fidda kalsiyom take daga jiki. Ashe ƙofa kawai take karewa kar ya shiga tsokar jijiyoyin jini da yawa. Mai fiddawa daban ne, kuma an sha wuya kafin a gano shi.

Ka je wajen mahauta ka dubi tumbi ko hanji ka gwada da naman cinya, za ka ga ba iri ɗaya ba ne, na tumbin sumul yake babu zare-zare. Irin wannan tsoka ce ke kewaye da jijiyoyin jini da mahaifa da mafitsara, ba ta jiran umarninka. Kalsiyom ya shiga ƙwayar halittarta sai ta matse, ya fita ta saki. To a waje kalsiyom ya ninka na ciki wajen sau 10,000, ke nan kullum yoyo yake kamar ɗakin laka cikin damina, in ba mai kwashewa jijiya a tsuke za ta zauna.

Labarin ya faro da kuskure. A 1883 a Landan Sydney Ringer yana gwaji da zuciyar kwaɗo, mai taimaka mishi ya sa ruwan pampo maimakon tataccen ruwa, zuciyar ta yi ta bugawa, da anka bincika kalsiyom ne cikin ruwan. Sai 1961 da 1962 su Hasselbach a Jamus, da Ebashi ɗan Japan, sunka nuna akwai pampo da ke maida kalsiyom cikin wani rumbu a tsakiyar ƙwayar tsoka. Na jikin bangon ƙwayar kuwa, mai turawa waje gaba ɗaya, Schatzmann ya gano shi a Suwizalan a 1966, kuma abin dariya ba a tsoka ba, a jajayen ƙwayoyin jini, don su ba su da tarkace a ciki da zai rikita lissafi.

Tsokar nan mai sumul ita ta wahal da mutane, in ka niƙa ta bangon da rumbun sai su cakuɗe ka rasa wane pampo kake aunawa. Sai farkon shekarun 1980 Wuytack da Casteels a Luben ta Beljiyam sunka ware shi daga tumbin alade, ee alade, shi ke da araha a mayankarsu ina jin. Dabarar kalmodulin sunka bi, wani ɗan furotin da tun 1977 anka san shi ke zuga pampon in kalsiyom ya yi yawa.

Kuma pampon ba kyauta yake aiki ba, kamar motopom ɗin 'yan garka na Jiratawa ne, sai da mai. Man shi ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi, ɗaya a kan kowane kalsiyom guda, na rumbu shi biyu yake ɗauka da ATP ɗaya.

Pampon bangon nan, da ake kira PMCA, iri huɗu ne, PMCA1 zuwa 4, na 1 da na 4 su ke cikin jijiya. A 2009 anka ga bambanci a ATP2B1, ƙwayar gadon da ke ƙera na 1 ɗin, yana da alaƙa da hawan jini. Da na faɗa ma Inna cewa ta yi to ai babanta ma da tansiyo ya rasu, in miƙo mata ruwa ta sha maganinta.