Muzgunawa a wurin aiki da matsayinta a doka

Muzgunawa a wurin aiki ita ce a sa ma'aikaci a gaba da tsangwama yau da gobe: zagi a bainar jama'a, jibga masa aikin da ya fi ƙarfinsa, danne masa haƙƙi ko barazanar kora. Saɓanin rana ɗaya ba ya cikinta. Sai abin ya yi ta maimaituwa, kuma mai yin ya fi ƙarfin wanda ake yi wa.

A karkarar Kano da Jigawa, ta fi faɗawa kan 'yan ƙwadago a gonakin shinkafa da tumatir irin na Kura, Kadawa da Auyo, sai yaran shago da masu koyon sana'a. Za a yi jinga da safe, la'asar na yi mai gona ya ce dashen bai yi ba, ya zaftare kuɗin, ya bi mutum da gori a gaban 'yan'uwansa. Wanda ya ɗaga murya, gobe ba za a neme shi ba. In ya kai kuka gida, abin da zai ji shi ne, “Yi haƙuri, ubangidanka ne.”

Najeriya ba ta da doka guda da aka keɓe wa muzgunawa. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan'adam, kuma gyaran 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya damƙa shari'un aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Kano. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar da aiki ke jawowa a matsayin abin biyan diyya. A 2022 ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda ta haɗa har da masu aikin da ba na ofis ba. Jigawa kuma ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2021.

Abin takaici, kotu hujja take bi. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma ɗan ƙwadago da baki ake ɗaukarsa, shaidunsa kuma a gonar suke cin abinci. Shi ya sa ƙorafi kan tsaya a zauren mai unguwa ko dagaci, ko wajen Hisbah, inda ake tuna wa mai gona hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. A irin wannan sulhu akan karɓo masa kuɗinsa, amma da wuya a tayar da maganar zagin.